Yadda Ake Karanta Saƙon Kuskure Wajen Gina Manhajar Kwamfuta: Misalai daga Garwa

1.0 Gabatarwa

Mai koyon kwamfuta yakan buga umarni a baƙin allo domin a gina masa manhaja, sai ya ga rubutu ya cika allon, kalmar "error" tana bin 'yar'uwarta layi bayan layi. Abin da yawanci kan yi a nan shi ne su dubi layin ƙarshe, su sake buga umarnin, in ya ƙi su kashe na'urar su kunna. Ba kasafai wannan kan yi magani ba.

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa saƙon kuskure rubutu ne kamar kowane rubutu. Yana da mai magana, yana da abin da ake magana a kai, yana kuma da tsari wanda ba ya sauyawa. Ɗalibin harshe da ya saba feɗe jimla da lura da ƙa'idojin rubutu yana riƙe da rabin kayan aikin tun kafin ya fara. Batun ya shafe shi kai tsaye, domin aikin ƙamus da jera kalmomi da ƙidayar su a cikin matani duk da kwamfuta ake yin su, kuma da yawa daga cikin manhajojin wannan aiki sai mutum ya gina su da kansa kafin ya yi amfani da su.

2.0 Yanayin Aiki a Garwa

Garwa ita ce babban birnin Yankin Arewa na ƙasar Kamaru, tana bakin kogin Binuwai. Fulatanci ne harshen da ya fi haɗa jama'a a garin, Hausa tana da ƙarfi a tsakanin 'yan kasuwa da unguwannin Hausawa, Faransanci kuma shi ne harshen makaranta da ofis ga mafi yawan mutane. An kafa Jami'ar Ngaundare a 1993, ta Marwa a 2008, ta Garwa kuma a 2022.

Abubuwa uku na wannan yanayi suna da tasiri a kan aikin da ake magana. Na farko, kwamfutocin da ake samu galibi an saita su da Faransanci, allon madannansu kuma tsarin AZERTY ne. Na biyu, rubutun Hausa da na Fulatanci suna da haruffa masu ƙugiya: ɓ da ɗ a harsunan biyu, ƙ a Hausa, ƴ da ŋ a Fulatanci. Taron Bamako na 1966 ya tabbatar da irin waɗannan haruffa ga Fulatanci, abacadar bai-ɗaya ta harsunan Kamaru da aka amince da ita a 1979 ita ma ta ƙunshi ɓ da ɗ da ƴ da ŋ. Na uku, wutar lantarki. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da madatsar ruwa ta Lagdo, wadda aka gina tsakanin 1977 da 1982 da ƙarfin megawat 72, kuma idan ruwa ya ja baya da rani wuta takan yi ƙaranci. Kowane ɗaya daga cikin ukun nan yana haifar da nasa irin kuskuren.

Domin sauƙin bayani, a ɗauka cewa wata ɗaliba ta tattara kalmomin Hausa na kasuwar Garwa tare da takwarorinsu na Fulatanci, tana so ta jera su yadda ɓ zai biyo bayan b, ɗ ya biyo bayan d, ƙ ya biyo bayan k. An rubuta mata ƙaramar manhaja da harshen C a cikin fayil biyu, jeri.c da haruffa.c, da ɗan fayil na uku, haruffa.h, wanda ke gabatar da sunayen ayyukan da ke cikin na biyun. An kuma ba ta takardar umarni mai suna gina.sh, wadda ke ɗauke da waɗannan layuka:

(1) #!/bin/bash
gcc -c jeri.c
gcc -c haruffa.c
gcc jeri.o haruffa.o -o jeri
./jeri kalmomi.txt

Takardar umarni ba wani abu ba ce illa jerin umarnin da mutum zai iya bugawa da hannu ɗaya bayan ɗaya, aka tara su a fayil guda don kada a riƙa maimaitawa.

3.0 Masu Magana Huɗu

Mai koyo yakan ce "kwamfuta ta ƙi", alhali ba murya ɗaya ke magana a allon ba. Aƙalla ma'aikata huɗu ne ke karɓar aikin daga hannun juna.

Na farko shi ne mai karɓar umarni, wanda a yawancin kwamfutocin Linux sunansa bash. Shi ke karanta takardar umarni, ya nemo manhajar da aka ambata, ya tashe ta.

Na biyu shi ne make, wanda Stuart Feldman ya ƙirƙiro a 1976 a cibiyar bincike ta Bell da ke Amurka. Ba kowane aiki ke amfani da shi ba, amma manyan ayyuka ba su rabuwa da shi. Yana karanta fayil mai suna Makefile, ya duba wane ɓangare ne aka taɓa tun ginin baya, ya sake gina wannan kaɗai.

Na uku shi ne mafassari, wanda ake kira kompaila. Shi ke juya rubutun da mutum ya yi da harshen C zuwa lambobin da na'ura ke ganewa. Dennis Ritchie ne ya tsara harshen C a farkon shekarun 1970, mafassarin da aka fi sani kuma shi ne GCC, wanda Richard Stallman ya fitar a 1987. Layi na biyu da na uku a misali na (1) aikinsa ne, kuma abin da yake fitarwa shi ne jeri.o da haruffa.o.

Na huɗu shi ne mahaɗi, mai suna ld. Kamar yadda mahaɗi a nahawu yake haɗa sassan jimla, haka wannan yake ɗinke gutattakin da mafassari ya fitar su zama manhaja guda. Layi na huɗu aikinsa ne, ko da yake ta hannun gcc ake kiran sa.

Tambayar farko ke nan ga duk mai binciken kuskure: wa ya yi magana? Amsar tana farkon layin saƙon.

4.0 Ƙirar Saƙon Kuskure

Saƙon mafassari yana da gurabe biyar, an raba su da ruwa biyu:

(2) jeri.c:14:5: error: expected ';' before 'return'

Gurbi na farko sunan fayil ne, na biyu lambar layi, na uku matsayin harafi a cikin layin, na huɗu nauyin matsalar, na biyar bayaninta. Nauyin iri uku aka fi gani. "Warning" gargaɗi ne, aiki zai ci gaba. "Error" kuskure ne, ba za a fitar da komai daga wannan fayil ba, amma mafassari zai ci gaba da karatu don ya ga ko akwai wasu. "Fatal error" kuwa yana nufin ya tsaya nan take.

Ci gaba da karatun nan shi ke ruɗa mai koyo. Idan mafassari ya yi tuntuɓe a layi na 14, sai ya yi hasashen abin da ake nufi ya wuce. In hasashen bai dace ba, duk abin da ya biyo baya zai zame masa shirme, ya yi ta kawo ƙara a kan layukan da ba su da laifin komai. Kuskure ɗaya yana iya haifar da saƙo hamsin. Saboda haka saƙon farko ake gyarawa, a sake gini, sannan a duba abin da ya rage. Layin ƙarshe kuwa sau da yawa ga irin abin da yake cewa:

(3) make: * [Makefile:7: jeri.o] Error 1

Wannan ba shi ne kuskuren ba. Make ne ke ba da labari cewa wanda ya aika ya dawo hannu biyu. Dalilin yana sama.

A kwamfutar da aka saita da Faransanci saƙonnin sukan fito da Faransanci, a ga "erreur" ko "commande introuvable". Wannan yana taimaka wa mai jin harshen, sai dai yawancin bayanan da ke littattafai da intanet da lafazin Ingilishi aka rubuta su. Idan aka buga LC_ALL=C a gaban umarni, saƙon zai fito da Ingilishi a wannan karon kaɗai.

5.0 Ire-iren Kurakurai

5.1 Kurakuran mai karɓar umarni

Waɗannan suna faruwa tun kafin a taɓa rubutun C.

(4) bash: gcc: command not found

Ko dai ba a girka mafassarin ba, ko kuma yana wurin da bash bai san ya duba ba. Jerin wuraren da yake dubawa yana cikin wani ma'aji mai suna PATH. A Debian da Ubuntu, ƙunshin da ake kira build-essential shi ke kawo gcc da make.

(5) bash: ./gina.sh: Permission denied

Fayil ɗin yana nan, amma ba a ba shi izinin aiki a matsayin umarni ba. Umarnin chmod +x gina.sh yana ba shi. Wannan yakan faru ga fayil ɗin da aka ɗauko a filash, domin tsarin FAT da yawancin filash ke zuwa da shi ba ya riƙe irin wannan izini.

Haka kuma bash yana raba kalmomi ne da tazara, kamar yadda ake yi a rubutun boko. Idan sunan jaka yana da tazara a ciki, irin "Mes documents", zai ɗauke shi suna biyu. Maganin shi ne a sa sunan tsakanin alamun zance miƙaƙƙu.

5.2 Haruffan da ido ba ya gani

A nan ne ilimin ƙa'idojin rubutu ya fi amfani. Akwai alamomin da ba su da siffa a allo, amma suna da lamba a cikin fayil.

(6) /bin/bash^M: bad interpreter: No such file or directory

Windows yana rufe kowane layi da alama biyu, Linux da alama ɗaya. Idan an rubuta gina.sh a Windows, ragowar alamar takan manne wa kalmar ƙarshe ta kowane layi. Sai na'ura ta shiga neman manhaja mai suna bash haɗe da wannan alama, wadda babu ita. Umarnin dos2unix yana cire ta.

(7) Makefile:4: * missing separator.  Stop.

A Makefile, layin da ke ɗauke da umarni dole ya fara da alamar Tab. Tazara takwas da Tab ɗaya kamarsu ɗaya a ido, amma make bai yarda da musanya ba.

(8) jeri.c:9:21: error: stray '\302' in program

Wannan ya fi addabar masu aiki a ƙasashen da ake rubutu da Faransanci. A ƙa'idar rubutun Faransanci ana barin tazara kafin ruwa biyu da waƙafi mai ruwa da alamar tambaya. Manhajojin buga wasiƙa irin su Word, idan an saita su da Faransanci, sukan saka wata tazara ta musamman da kansu a waɗannan wurare, su kuma juya alamun zance miƙaƙƙu su koma « da ». To, harshen C yana rufe kusan kowace jimla da waƙafi mai ruwa. Malami zai buga darasi a Word ya raba wa ɗalibai, ɗalibi ya kwafe shi zuwa jeri.c, rubutu ya yi kyau a ido, mafassari kuwa ya ƙi shi. Lambar 302 ita ce rabin farko na wannan tazara da kuma na alamar «, a lissafin da ake yi da tushe takwas. Tsofaffin fitowar GCC sukan kawo rabi na biyun a layi na gaba: 240 ga tazarar, 253 ga alamar «. Idan lambar da ta fito 342 ce, to alamun zance lanƙwasassu ne irin na Ingilishi.

Umarnin cat -A yana tona asirin duk waɗannan. Yana nuna Tab da ^I, ragowar alamar Windows da ^M, tazarar Faransanci kuma da wasu haruffa masu farawa da M. Rigakafin shi ne kada a rubuta manhaja da abin buga wasiƙa, a yi amfani da edita mai ajiye tsurar rubutu.

5.3 Haruffa masu ƙugiya

Tsarin ASCII na 1963, wanda aka gina harshen C a kansa, lambobi 128 gare shi, kuma babu harafi mai ƙugiya ko ɗaya a ciki. Unicode, wanda ya fito a 1991, ya ba kowane harafi lambarsa. UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, shi ne hanyar da aka fi bi wajen ajiye lambobin a fayil. A wannan tsari harafin b bayit ɗaya yake ci, harafi mai ƙugiya kuwa biyu:

(9) ɓ = \311 \223
ɗ = \311 \227
ƙ = \306 \231
ƴ = \306 \264
ŋ = \305 \213

Idan mai rubutu ya raɗa wa wani ma'aji a cikin manhajarsa suna irin "ƙidaya" ko "ɗaki", tsofaffin fitowar GCC za su ce stray '\306' ko stray '\311'. Wanda ya san jadawalin (9) zai gane harafin da ake nufi nan take. Daga GCC 10, wanda ya fito a 2020, an fara karɓar irin waɗannan haruffa a cikin sunaye. Duk da haka, inda ake aiki da kwamfutoci masu shekaru daban-daban, abin da ya ginu a wata yana iya ƙin ginuwa a wata. Ya fi aminci a bar sunaye da haruffan ASCII, a ajiye masu ƙugiya a cikin alamun zance da cikin sharhi, inda mafassari bai taɓa damuwa da su ba.

5.4 Ginin jimla da ma'ana

Misali na (2) kuskuren ginin jimla ne: an manta waƙafi mai ruwa. Abin lura shi ne mafassari ba ya gane an manta shi sai ya isa kalma ta gaba, kamar yadda mai karatu ba ya gane an manta aya sai ya ga sabuwar jimla ta fara. Don haka laifin yakan kasance a layin da ke sama da wanda aka ambata. Sababbin fitowar GCC suna ƙoƙarin nuna ainihin wurin, amma idan baka ce aka buɗe ba a rufe ba, ƙarar tana iya fitowa can a ƙarshen fayil.

(10) jeri.c:22:9: error: 'adadi' undeclared

Wannan na ma'ana ne. Jimlar ta ginu daidai, amma an ambaci sunan da ba a gabatar ba. Sau da yawa kuskuren bugu ne, ko an rubuta Adadi a wani wuri da adadi a wani, domin C yana bambanta babban baƙi da ƙarami.

(11) jeri.c:3:10: fatal error: Haruffa.h: No such file or directory

Windows ba ya bambanta Haruffa.h da haruffa.h, Linux yana bambantawa. Manhajar da ta ginu lafiya a kwamfutar ofis tana iya tsayawa a nan a kwamfutar jami'a.

5.5 Kurakuran mahaɗi

(12) jeri.c:(.text+0x4a): undefined reference to `kwatanta'
collect2: error: ld returned 1 exit status

A nan babu lambar layi irin ta (2), domin mafassari ya riga ya gama nasa. Ya ga an gabatar da aiki mai suna kwatanta a haruffa.h, ya yarda cewa za a kawo shi. Mahaɗi ya nema bai samu ba. Rubutun jeri.c ba shi da laifi, kuma wanda ya shiga gyara shi ya ɓata lokacinsa. Laifin yana takardar umarni: ko an manta haruffa.o a layi na huɗu, ko ba a ambaci laburaren da ke ɗauke da aikin ba. Jerin kalmomi ma yana da muhimmanci a nan, domin mahaɗi daga hagu zuwa dama yake karatu, kuma ƙa'ida ita ce laburare ya zo bayan fayil ɗin da ke buƙatar sa.

5.6 Wuta da agogo

Make ba ya karanta abin da ke cikin fayil, lokacin da aka taɓa shi kawai yake dubawa. Idan jeri.o ya fi jeri.c sabunta, sai ya ɗauka an gama da shi. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubuta jeri.o, za a bar guntun fayil mai sabon kwanan wata. Bayan wuta ta dawo make zai tsallake shi, mahaɗi kuma ya ce "file truncated", ko ya kawo ƙara irin ta (12) a kan aikin da kowa ke gani a rubuce. Maganin shi ne a share duk fayilolin da suka ƙare da .o a sake gini daga tushe. Yawancin Makefile suna da umarnin make clean saboda wannan.

(13) make: warning: Clock skew detected. Your build may be incomplete.

Tsohuwar kwamfuta tana da ɗan batir mai riƙe agogo idan an kashe ta. In ya mutu, duk ɗaukewar wuta sai agogon ya koma shekarun baya, fayilolin jiya su zama kamar daga gobe suka zo. Sai a gyara agogo, a share, a sake gini.

6.0 Kuskuren da Ba Ya Magana

Mafi haɗarin kuskure shi ne wanda bai kawo saƙo ba, ko wanda saƙonsa ya wuce ba a gani ba. A sake duba misali na (1). Idan layi na biyu ya gaza, bash ba zai tsaya ba. Zai wuce zuwa na gaba, mahaɗi ya ɗauki tsohon jeri.o na jiya, layi na biyar ya fitar da kalmomi a jere su ture saƙon kuskuren sama. Ɗalibar za ta ɗauka gyaran da ta yi ya shiga, alhali da tsohuwar manhaja take aiki.

Kowane umarni yana barin lamba idan ya gama: 0 na nufin nasara, duk wata lamba na nufin matsala. Ana ganin ta da echo $?. Lamba 127 tana tafiya da misali na (4), 126 da na (5). Idan aka sa set -e a layi na biyu na takardar umarni, bash zai tsaya a umarnin farko da ya gaza. Idan aka ƙara set -u, zai tsaya in an ambaci ma'ajin da ba a zuba wa komai ba. Haɗarin ma'ajin da ya zo wayam ya bayyana a watan Janairu na 2015, lokacin da aka gano cewa takardar umarnin manhajar wasanni ta Steam a Linux tana da layin share jaka wanda ya dogara ga wani ma'aji. Da ma'ajin ya zo wayam, sai umarnin ya koma share duk fayilolin mai kwamfutar.

Akwai kuma wanda ya shafi harshe. Manhajar jera kalmomi tana iya ginuwa ba ƙara ko ɗaya, amma ta kai ɓera da ɗaki da ƙasa can bayan zomo. Dalili shi ne aikin strcmp na harshen C lambobin bayit yake kwatantawa. Lambar z ita ce 122, bayit na farko na ƙ kuwa 198 ne, na ɓ da ɗ 201. Haka kuma strlen zai ce ɓera tsawonta biyar ne, alhali haruffanta huɗu. Mafassari ba shi da abin cewa a nan, domin nahawun C ya cika. Wanda ya san abacadar Hausa ne kaɗai zai ga ɓarnar.

7.0 Matakan Bincike

Daga abin da ya gabata za a iya tsara hanyar aiki kamar haka:

i. A tara dukkan saƙonni a fayil, da umarnin ./gina.sh > rahoto.txt 2>&1, a karanta daga sama.
ii. A nemo "error" na farko, a tantance mai maganar: bash, make, mafassari ko mahaɗi.
iii. A buɗe fayil ɗin da aka ambata, a duba layin da wanda ke samansa. In ido bai ga komai ba, a duba da cat -A.
iv. A sa set -x a takardar umarni, don bash ya nuna kowane umarni yadda ya fahimce shi kafin ya aiwatar. Sannan a buga umarnin da ya gaza da hannu, shi kaɗai.
v. A gyara abu ɗaya, a sake gini. Wanda ya sauya abu uku lokaci guda ba zai san wanne ya yi magani ba.
vi. In abin ya ƙi hankali, musamman bayan ɗaukewar wuta, a share a fara daga tushe.
vii. A ƙara -Wall a umarnin gcc domin a ga gargaɗi, a kuma gwada manhajar da 'yan kalmomin da aka san amsarsu, irin su baki, ɓera, daki, ɗaki, kasa, ƙasa.

Matambayi ba ya ɓata, amma sai ya iya tambaya. Mai neman taimako ya kawo umarnin da ya buga, da saƙon farko harafi da harafi, da fitowar mafassarinsa, wadda gcc --version ke nunawa.

8.0 Kammalawa

An ga cewa gina manhaja aiki ne na ma'aikata huɗu, kowa da irin ƙarar da yake kawowa, kuma saƙon farko shi ne abin bi. An kuma ga cewa a wuri irin Garwa, inda ake buga Hausa da Fulatanci a kan na'urar da aka saita da Faransanci, kaso mai yawa na matsalolin na rubutu ne: tazarar da ba a gani, alamun zance, babban baƙi da ƙarami, da haruffa masu ƙugiya. Kuskuren da ke ɓata jerin ƙamus kuwa ba ya fitowa a allo, sai mai aikin ya gwada manhajar da kalmomin da ya sani.

Muhimman Kalmomi

Takardar umarni: fayil mai ɗauke da jerin umarnin da bash zai aiwatar.
Mafassari: manhajar da ke juya rubutun harshen C zuwa lambobin na'ura.
Mahaɗi: manhajar da ke haɗa gutattakin da aka fassara su zama manhaja guda.
Ma'aji: suna a cikin manhaja ko takardar umarni wanda ke riƙe da lamba ko rubutu.
Laburare: tarin ayyukan da aka riga aka fassara, waɗanda manhajoji ke ara.
Bayit: ma'aunin ajiya mai ɗaukar lamba ɗaya daga 0 zuwa 255.

Tambayoyi

1. Me ya sa layin ƙarshe na saƙonnin kuskure ba shi ne wurin fara bincike ba?
2. Wace ƙa'idar rubutun Faransanci ce ke haifar da misali na (8), kuma ta yaya?
3. Bisa jadawalin (9), wane harafi ne zai kawo stray '\305'? A wane harshe ake samun sa?
4. A jera waɗannan kalmomi sau biyu, da farko bisa abacadar Hausa, sannan bisa lambobin bayit: zane, ƙofa, baka, ɗinki, kifi, ɓawo, doki.
5. A bayyana da Hausa, a sakin layi ɗaya, bambancin misali na (10) da na (12).